Ɗigo Biyu Nas Ta Ce

Ranar da aka sallamo Mai Guga daga asibiti, abu uku ya dawo da su gida: leda manne a gefen cikinsa, 'yar kwalbar man na'ana'a da ba ta kai tsawon yatsa ba, da alkawarin likita. Hanjinsa ne ya murɗe, aka yanke inda ya lalace, aka fito da bakin hanjin ta gefen cibiya, aka manna masa leda da gam inda bayan gida zai riƙa zuba. Likita ya ce ledar ba zama ta zo yi ba. In ya ci ya murmure, nauyinsa ya tashi daga kilo hamsin da biyu ya kai hamsin da takwas nan da wata uku, za a mayar da hanjin a ɗinke, ya koma shiga banɗaki kamar kowa. In bai kai ba kuwa babu mai sa masa wuƙa, don jikin da ba shi da ƙwari ɗinki ba ya kama shi.

Nas ce ta ba shi kwalbar, wata gajeriyar mata mai faɗa da kirki a haɗe.

"Baba, ɗigo biyu. Ka zubar da abin da ke ciki, ka goge bakin ledar, ka ɗiga biyu a ciki ka rufe. Cikin leda na ce, ba a fata ba. Mai da gam ba sa shiri." Ta juya wajen ɗansa. "Kai ma ka ji ko?"

"Na ji, ranki ya daɗe," in ji shi, idonsa na kan waya.

Gidan nasu gidan wanki da guga ne. Shago a gaba, da dogon tebur da duwatsun guga huɗu, tsakar gida kuma igiyoyin shanya ne ko ta ina, sai mutum ya sunkuya yake wucewa. Tsohon ne ya kafa wurin da dutse ɗaya da bokiti biyu. Yanzu babban ɗansa ke riƙe da shi, ya sa allo mai fitila a ƙofa, ya kuma ce a riƙa ce masa Manaja. Har matarsa haka take kiransa in akwai baƙi.

Sati biyun farko lafiya lau. Mai Guga mutum ne mai tsabta har ta yi masa yawa, ya bi maganar nas tiryan-tiryan, kuma Allah da ikonsa man ya yi aiki. Ko ka zauna kafaɗa da kafaɗa da shi ba abin da za ka ji sai ɗan sanyin na'ana'a. Yana cin abincinsa kaɗan-kaɗan sau biyar a yini, ya fito bakin tebur ya zauna yana yi wa masu guga tsiya, wai karin wandonsu ya fi tafiyar mashayi karkacewa. Akwai sikelin da ake auna ƙunshin barguna a shagon. Duk Litinin da safe sai ya cire takalmi ya hau. Litinin ta biyu ya ga hamsin da uku da rabi, ya sauko yana dariya shi kaɗai.

Wata Asabar ce ta ɓata komai. Ya shiga banɗaki zubar da ledar, ƙofar ba ta rufu sosai ba, iska kuma ta kaɗo wajen shago. Wata mata mai kawo labulaye da zannuwan gado tana tsaye tana jiran kayanta. Ta yamutsa hanci.

"Kwatarku ce ta toshe?"

Ta ɗauki labule ɗaya ta kai hanci ta shinshina, ta ga ba komai, ta kwashi kayanta ta tafi. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ba ta yi faɗa ba, ba ta fasa kawo wanki ba. Amma Manaja ya yini kamar wanda aka yi wa mutuwa, da yamma kuma ya sami ubansa a ɗaki.

"Baba, Allah ya sani ba ƙyamarka nake ba. Amma kai da bakinka ka koya mini cewa mutum kafin ya duba wankinsa sai ya shinshina shi. Kayan mutane amana ne. Wannan ɗigo biyun wasa ne."

"Ɗigo biyu aka ce, kai wannan. Kuma yana yi."

"Su asibiti me suka sani a kan wari? Mu da muka fitar da ƙarnin kifi daga bargon ulu? Ka bar mini wannan, fannina ne."

Nan fa aka shiga uku. Manaja ya ɗauko robar da ake fesa wa riga ruwa kafin a goge ta, ya juye kwalbar na'ana'ar gaba ɗaya a ciki, ya sayo man kanumfari da na ɓawon lemo ya ƙara, ya cika da ruwa ya girgiza. Wanda ya tashi cikin wanki gani yake duk abin da ke wari fesa shi ake yi. Safe da yamma zai shigo ya fesa katifa, ya fesa labulen ƙofa, ya fesa rigar da ke jikin tsohon, sannan ya ce ya ɗaga rigar, ya fesa ledar da kewayenta har sai ruwa na gangarowa. Yana yi yana kawar da kai.

Kwana uku gam ya fara saki. Ledar da take kwana huɗu daram ta koma ba ta kai yamma. Abin da ke ciki ya riƙa tsiyayowa ta gefe yana cin fata, man kanumfari ya bi ta inda fatar ta saluɓe. Wanda bai taɓa jin zafin kanumfari a kan ɗanyen ciwo ba, kada Allah ya nuna masa. Tsohon yakan cusa bakin zani a baki ya cije don kada masu karɓar kaya su ji nishinsa. Warin da a da babu shi kuwa yanzu ya zo da gaske, ya haɗu da lemo da kanumfari ya zama wani abu mai hawa kai.

"Ka gani ko?" in ji Manaja. "Da duk fesar nan ma ga yadda ake ciki. Ina ga an tsaya a ɗigo biyunka?"

Sai ya tuna da takardar da aka ba su a asibiti. A ciki an jera abincin da kan ƙara wari: ƙwai, kifi, wake, albasa. Nas ta ce a riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya a ga wanda jikinsa bai so. Manaja bai da lokacin gwaji, ya soke su duka. Bayan kwana biyu ya ƙara da nama da madara, wai su ma bai yarda da su ba. Daga nan tunaninsa ya kai inda ya fi ko'ina muni: ledar da ba a zuba wa komai ba ai ba ta cika. Juma'a da Asabar su ne ranakun karɓar kaya, shago cike da mutane. Saboda haka daga azahar ɗin Alhamis sai shayi da yankan burodi biyu, har a rufe shago ranar Asabar.

Surukarsa ce ke kawo tiren. Ba muguwa ba ce, irin mutanen nan ne da ba sa son a ce da su aka yi. Takan ajiye a bakin ƙofa ta ja baya.

"'Yar nan, ƙaro mini ko shinkafa ce cokali biyu. Kilo shida likita ya ce."

"Wallahi Baba ni abin da aka ce in zuba nake zubawa. In na ƙara, ni zai hau da faɗa. Ka yi haƙuri, jibi ai kamar yau ne."

Sati na biyar aka kwashe shi daga ɗakinsa, wai ya yi kusa da inda ake rataye gogaggun kaya. Aka mayar da shi ɗakin baya inda ake ajiye tsofaffin bokitai da duwatsun gugar da suka mutu. Taga ɗaya ce, ita ma an ce a rufe don kada iska ta kai wa shanya. Da sassafe kafin a buɗe shago yakan dafa bango ya ratsa ƙarƙashin igiyoyi ya je ya hau sikeli. Hamsin da ɗaya. Litinin ta gaba arba'in da tara. Ya daɗe tsaye a kai yana kallon allurar ko za ta ji tausayinsa ta motsa, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da za a shiga da shi tiyata.

Akwai ranar komawa asibiti a sati na shida. Ta faɗo ranar Juma'a. Manaja ya je shi kaɗai ya karɓo ledoji, ya ce musu jiki alhamdu lillahi, tsoho har ya fara ƙiba.

Da autarsa ta zo dubiya daga gidan mijinta, Mai Guga ya ga kamar an buɗe masa ƙofa. Ta zo da ayaba da dafaffen ƙwai, surukar ta karɓe tun a tsakar gida ta ce za a ajiye masa. Auta ta zauna a bakin ƙofar ɗakin, gefen mayafi a hanci, tana yi kamar mura take.

"Auta, matso ki ji. Ki tafi da ni gidanki, wata ɗaya tak. Ba na son komai, abinci kawai, da a bar ni da ɗigo biyuna. Ko a baranda zan kwanta."

"Haba Baba, ka san gidan namu ɗaki ɗaya ne da falo. Ga shi ka san halin maigidana da ƙyanƙyami, ko yaro ya yi amai sai ya bar gidan."

"Yunwa nake ji, Auta. Dubi hannuna."

Ta duba, idonta ya kawo ruwa, ta yi sauri ta share.

"Ciwo ne Baba, haka yake ramar da mutum. Yaya fa yana ƙoƙari. Tun daga bakin titi nake jin ƙamshi, na ce kai, ba kowane ɗa ne zai yi wannan ba. Kada ka sa ya ji kamar ba a gode masa."

Ta yi masa addu'a mai tsawo, ta tafi kafin la'asar don kada ta rasa mota.

Daga nan ya daina roƙon kowa. Wata Juma'a da hantsi yana kwance da yunwa, sai ya jiyo ƙamshin da ya sani shekara arba'in: ana dama sitaci a bayan gida. Shi ya san sitaci ba komai ba ne illa gari da tafasasshen ruwa. Ya kuma san akan bar shi ya huce kafin a zuba masa bula da turare. Ya lallaɓa ya fita. Bokitin na nan a gindin famfo, fari, mai kauri, yana tururi. Ya durƙusa ya sa kofin shayinsa ya ɗebo ya sha. Ba gishiri ba sukari, yana manne wa dasashi, amma ɗumi ya sauka cikinsa har sai da ya lumshe ido. Ya sha kofi uku. Mutumin da a da in ya ga ƙwayar gari ɗaya a sitaci sai ya sa a zubar a sake, yau ga shi yana lashe gefen kofi.

Sati biyu yana haka, duk ranar da aka dama. Allurar sikeli ta tsaya a arba'in da takwas ba ta ƙara sauka ba, har ya fara sa rai. Ran nan yana durƙushe sai ya ji salati a bayansa. Surukar ce da kwandon shanya a hannu.

"Manaja! Zo ka gani! Baba sitaci yake sha!"

Manaja ya fito da gudu, masu guga biyu na leƙe ta bayansa. Tsohon ya ɗago, farin abu a gemunsa.

"Yunwa ce, kai wannan. Ba hauka ba ne. Yunwa ce."

"Inna lillahi. Abin har ya kai nan?" Manaja ya juya wajen ma'aikatan yana girgiza kai. "Kun gani ko? Ruɗewa ce ta tsufa. Yau sitaci, gobe sai bilic ɗin cire tabo. In ya sha wani abu ya mutu, ni za a zaga."

A ranar ya kira kafinta ya sa wa ɗakin sakata ta waje. Ya ce don lafiyar Baba ne, kuma har ga Allah ya yarda da abin da ya faɗa, abin da ya fi ban haushi ke nan. Ana buɗewa sau uku a yini, a kai shi banɗaki, a fesa shi, a ajiye tire. Sikeli kuma ya yi masa nisa. Ya koma auna kansa da zoben azurfar da ke yatsansa, wanda a da sai da sabulu yake fita, yanzu kuwa in ya saki hannu sai ya zame ya faɗi.

Ranar da wata uku suka cika, ya tashi ya yi wanka da ruwan bokiti, ya manna sabuwar leda a kan fatar da ba ta da sauran inda gam zai kama, ya ɗaure ta da tsumma. Ya sa babbar rigarsa mai zurfin aljihu. Kafin a buɗe masa ya laluba cikin tarkacen ɗakin ya ɗauko ƙaramin dutsen guga na ƙarfe, irin na goge wuyan riga, ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihu. Bai taɓa cutar kowa a awo ba tun da yake. Ya roƙi Allah gafara, ya ce sau ɗaya ne.

A asibiti nas ɗin nan ce dai. Ta kalle shi sau biyu kafin ta gane shi.

"Baba? Kai ne? Hau nan."

Ya hau. Arba'in da bakwai. Ta dubi yadda rigar ta rinjaya gefe guda, ta miƙa masa hannu. Ya fito da dutsen ya ba ta, kansa a ƙasa. Allura ta koma arba'in da biyar. Da ta kwance tsumman ta ga cikinsa, sai da ta ja da baya. Fatar ta yi ja ta ɗaye, faɗin tafin hannu biyu, tana ruwa.

"Wa ya zuba masa mai a nan? Ba na ce cikin leda ba? Ba a gabanka na faɗa ba?"

"Ranki ya daɗe, mai kala uku nake saya masa, masu kyau," in ji Manaja. "Ba abin da ba mu yi ba."

Likita ya shigo, ya duba ciwon, ya duba takarda, ya cire tabarau.

"Baba, ba zan iya yi maka aiki a haka ba. In na ɗinka hanjin nan ba zai kama ba, kashe ka zan yi. Kana cin abinci kuwa?"

Mai Guga ya dubi ɗansa. Duk tsawon hanya yana shirya yadda zai rufa masa asiri, ya ce shi ne ba ya iya ci. Amma da ya buɗe baki sai gaskiya ta riga shi.

"Ba a ba ni, likita. Shayi ne da burodi. Kulle ni ake yi. Don girman Allah ku yi mini aikin haka nan, in na mutu na yafe. Ko ku ajiye ni a nan, ko a ƙasa ne, wata ɗaya, ku ga in ban kai ba."

"Kun ji irinta ko?" Manaja ya yi murmushin mai haƙuri. "Haka muke fama. Yanzu zai ci, yanzu zai ce bai ci ba. Ran nan sitacin wanki muka kama shi yana sha. Ga shi yau ya sa dutsen guga a aljihu. Mai hankali zai yi haka?"

Likita ya dubi dutsen a kan tebur, ya dubi tsohon. A waje mutum fiye da talatin na jiransa. Ya ce gado babu, waɗanda aka yi wa aiki ma a baranda suke. Ya rubuta maganin shafawa, ya rubuta abinci sau shida a yini, ƙwai da kifi da madara a ciki, ya ce a dawo bayan wata huɗu a sake gani. Nas ta bi Manaja har ƙofa tana faɗa, ta ce ya zubar da man nan, ta ce ita ta yarda da maganar tsohon, ta ce akwai Allah. Ya ce to, to, in sha Allahu, ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun baya.

Babu wanda ya daki tsohon nan, babu wanda ya zage shi. In ka tambayi unguwa za a ce maka ga ɗa nagari, mai kai ubansa asibiti da kansa, gidansa kullum sai ƙamshi. Wata uku aka ce su jure, minti biyar na wari sau huɗu a yini, a bayan rufaffiyar ƙofa. Suka kasa. Suka sayi wata huɗu da hannunsu, kuma kowa a gidan zai kwana yana ganin ya yi iya ƙoƙarinsa.

Suka fito bakin titi, rana ta take. Manaja na gaba yana huci.

"Ka ga abin da ka jawo mana? Wata huɗu kuma. Ka tsaya gaban mutane kana cewa ba a ba ka abinci. To tun da abin zama ya zo yi, dole a sake tsari, don ni ba zan rufe shago ba."

Mai Guga ya dafa ƙarfen fitilar titi. Nan gefensa wata mata ce da tiren ayaba, nunannu, an jera su kashi-kashi. Ya daɗe yana kallonsu. Takardar likita tana aljihun ɗansa, ko tawadar ba ta gama bushewa ba.

"Kai wannan," ya ce a hankali, "saya mini guda biyu. Likita ya ce in ci."

Manaja ya ɗaga wa motar haya hannu, ta tsaya. Ya buɗe ƙofar baya, ya sauke gilashi har ƙasa.

"Shiga, Baba. Bari mu isa gida tukuna, kada ledar ta cika a motar mutane."